Asalin Sunan Ciwon Nan Himofiliya

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin kiwon lafiya ya san likitoci mutane ne masu son dogayen sunaye. Da wuya ka tarar sun kira cuta da sunan da mutanen gari su ke kiranta. Yawancin sunayen nan kuwa ba Turanci ba ne, ko da ya ke cikin littattafan Turanci mu ke gamuwa da su. Daga harshen Yunanawa da na Rumawa na zamanin da aka haƙo su, aka harhaɗa, kamar yadda malamanmu su ke komawa ga Larabci in suna neman sunan wani abu na ilmi. Ɗan Ingila ma da ya tashi da Turanci a bakinsa sai an fassara masa su, kamar yadda a ke fassara mana.

Akwai guda ɗaya daga cikinsu da mu ke so mu warware tare da ku, watau himofiliya. Shi ne sunan ciwon nan na gado wanda in mai shi ya ji rauni jininsa ba ya saurin tsayawa. Mun zaɓe shi ne domin suna ne da in ka fassara shi kalma da kalma sai ya kai ka wani wuri dabam da inda ciwon ya ke.

Kalmomi biyu ne na Yunananci aka liƙa. Ta farko haima, ma'anarta jini. Wannan ba ta da wuya, kuma da zarar ka riƙe ta sai ka riƙa ganinta ko'ina. Ita ce a farkon himogulobin, abin nan da ya ke sa jini ya yi ja. Ita ce a ƙarshen anemiya, watau ƙarancin jini, don harafin da ke gaba cikin Yunananci na korewa ne. Ita ce kuma a ƙarshen lukimiya, sunan da wani babban likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya raɗa cikin 1847 sa'ad da ya ga jinin waɗansu majinyata ya cika da fararen ƙwayoyi har launinsa ya kwashe. Ma'anar lukimiya dai ita ce farin jini. To, ku duba fa. Da za a ce wa Bahaushe likita ya auna ɗansa ya ce yana da farin jini, ai sai ya yi murna ya ce madalla, alhali kuwa mugun ciwo a ke faɗa masa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana hatsarin fassarar sunayen nan ido rufe.

Kalma ta biyu filiya, ma'anarta so, ko ƙauna irin ta abokai da 'yan'uwa. Ita ma ba baƙuwarmu ba ce, sai dai ta zo mana da rawani ne ba mu gane ta ba. Falsafa da mu ke ji a bakin malamai daga can ta fito. Yunanawa su kan ce filosofiya, watau son hikima, Larabawa suka ara suka lanƙwasa ta ta dace da harshensu, mu kuma muka karɓa daga gare su. Sunan nan Filibus ma'anarsa mai son dawaki. Birnin Filadelfiya na Amurka kuwa, wanda za mu sake ambata nan gaba, ma'anar sunansa ƙaunar 'yan'uwa.

In muka haɗa biyun nan ke nan sai mu sami son jini. Wane irin so kuma? Yaron da ya ke kwana yana kuka saboda jini ya taru cikin gwiwarsa, me ya gani a jini da zai so shi? Wanda ya ji son jini bai san ciwon ba sai ya zaci maye a ke nufi, ko wani azzalumin sarki mai yawan kisa.

Amsar tana wurare biyu. Na farko, likitocin Turai na wancan zamani ba so na zuciya su ke nufi da filiya ba. Abin da su ke nufi shi ne karkata, watau jiki ya zama da saurin faɗawa cikin wani hali. Mu ma muna da irin wannan salo cikin Hausa, ba mu dai lura ba ne. Mu kan ce katanga tana neman faɗuwa, ko tulu yana neman fashewa, alhali katanga ba ta neman kome, ba ta fita yawon cigiya. Mu kan ce kuma rake yana son ruwa. Ba wanda ya taɓa tsammanin rake yana da zuciya. To, haka filiya ta ke a nan. Na biyu, sunan an datse shi ne a tsakiya. Akwai wata siga mai tsawo da aka yi amfani da ita tare da wannan, watau haimorrafiliya. Abin da ke tsakiyarta daga haimorrajiya ya fito, watau ɓallewar jini, don kalmar da aka liƙa wa haima a nan ma'anarta fashewa, kamar yadda datsi ya kan fashe ruwa ya kwararo. Saboda haka dogon sunan cewa ya ke yi karkata ga zubar jini, wannan kuwa daidai ne. Amma baki ba ya son wahala. Gajeren ya fi daɗin faɗi, shi ya zauna, dogon ya mutu, kalmar da ta fi kowace muhimmanci kuwa, watau zuba, ta tafi tare da shi.

Wanda aka fara ganin sunan nan cikin rubutunsa wani almajiri ne kamarmu, Bajamushe, sunansa Friedrich Hopff. Cikin 1828 ya rubuta ɗan littafin da a kan bukaci mai neman shaidar likita ya rubuta, a jami'ar Wurzburg, ya sa masa wannan kalma a kansa, ya bi ta da bayani da Jamusanci cewa hali ne na gado mai kai mutum ga zubar jini har mutuwa. Malaminsa shi ne Johann Lukas Schönlein, mutum mai sha'awar tsara cututtuka aji aji da raɗa musu sunaye, yadda masana tsiro su ke yi wa itatuwa. Shi ne kuma a ke danganta wa sunan da likitoci su ke kiran tarin fuka da shi har yau. Masana da yawa suna ganin a bakin malamin almajirin ya ji kalmar. Littattafai da dama su kan ce a jami'ar Zurik aka yi wannan, amma ku yi hattara da maganar, gama ba a buɗe jami'ar Zurik ba sai 1833, shekarar da Schönlein ya koma can. Daga Jamus sunan ya bazu. Cikin 1872 wani likitan Landan, John Wickham Legg, ya buga littafi sukutum a kan ciwon da wannan suna, daga nan ya zauna daram cikin Turanci.

Ciwon fa ya girmi sunansa nesa ba kusa ba. Labarin da ya fi tsufa yana cikin Talmud, babban littafin fiƙihun Yahudawa. Su a kwana na takwas su ke yi wa jariri kaciya. Malamansu na ƙarni na 2 bayan Annabi Isa suka tattauna mas'alar macen da aka yi wa ɗanta na fari kaciya ya mutu, aka yi wa na biyu ya mutu. Babbansu, Rabbi Yahuda, ya yanke cewa kada a yi wa na uku. An kuma kawo labarin waɗansu mata huɗu 'yan'uwan juna, uku daga cikinsu kowace ɗanta ya mutu bayan kaciya, da ta huɗu ta zo tambaya aka ce mata kada ta yi wa nata. Ku lura, ta wajen mata suka bi abin. Daga baya Musa ɗan Maimun, malami kuma likita wanda aka haifa a Ƙurɗuba cikin ƙarni na 12, ya ƙara da cewa hukuncin yana nan ko da 'ya'yan ba ubansu ɗaya ba. Mutanen nan ba su da madubin likita, ba su san abin da ke cikin jini ba, amma da lura kaɗai sun gane ta hannun uwa abin ya ke biyowa.

A Ƙurɗubar nan dai ta Andalus, tun kafin Ɗan Maimun, an yi Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, shugaban masu fiɗa na zamaninsa. Cikin littafinsa Al-Tasrif, mai kashi 30, ya ba da labarin wani ƙauye inda mazaje su ke mutuwa da zubar jini a kan raunin da bai taka kara ya karya ba. Shawarar da ya bayar ita ce a yi wa wurin lalas da ƙarfe mai zafi. Shi ma bayani ya yi, bai raɗa suna ba.

Sai 1803, a Filadelfiya, wani likita mai suna John Conrad Otto ya buga ɗan taƙaitaccen labari na wata zuriya a arewa maso gabashin Amurka. Ya bi salsalarsu har ya kai ga wata mace da ta zauna a wurin wajen shekara 80 kafin lokacinsa. Ya faɗa a fili cewa maza ciwon ya ke kamawa, mata ba ya nunawa a jikinsu amma su su ke miƙa shi ga 'ya'yansu. Mutanen yankin suna kiran irin waɗannan maza da wata 'yar kalmar Turanci mai ma'anar masu zubar jini, Jamusawa ma haka su ke kiransu da harshensu. A ganinmu sunan nan na talakawa ya fi na masu ilmi faɗin gaskiya. Laifinsa ɗaya, ba shi da rigar Yunananci.

Abin da ya sa sunan Hopff ya tsaya ga abin da ido ke gani shi ne a lokacinsa ba wanda ya san sababin. Da yawa suna zaton jijiyoyin jinin masu ciwon ne ba su da kauri, waɗansu kuma suna cewa jini ne ya yi musu yawa yana neman mafita. Sai 1893 Almroth Wright ya zuba jinin masu ciwon cikin 'yan bututun gilashi ya duba agogo, ya nuna jininsu ya fi na sauran mutane daɗewa kafin ya daskare. Aibin ashe cikin jinin kansa ya ke.

Bari mu tsaya nan kaɗan, don sai an san yadda jini ya ke tsayawa a ke gane ciwon. Duk wanda ya taɓa ganin an yanka rago ya ga yadda jinin ya ke fita tsararo, kafin a gama fiɗa ya zama guda kamar hanta. Cikin jiki, in wuƙa ta yanke ka, abu uku ne ke faruwa. Da fari hanyar jinin ta kan tsuke. Sa'an nan waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke yawo cikin jini, waɗanda ba su kai jajayen ƙwayoyi girma ba, su kan ruga su manne a bakin raunin su toshe shi. Toshiyar nan ba ta da ƙarfi, kamar a cusa ɗanyen laka ne a bakin kwararo. Aiki na uku shi ne a saƙa mata raga ta wani zare mai suna fibirin, ta ɗaure ta tam har nama ya toho. Zaren nan kuwa ba ya samuwa sai waɗansu sinadarai da ke narke cikin ruwan jini sun tashi juna bi da bi. Ku tuna da magina in suna ɗora soro, yadda su kan jeru daga wurin kwaɓi har kan katanga, wannan ya jefa wa wancan tubali, wancan ya cafe ya jefa gaba. In aka cire mutum ɗaya daga tsakiya, ga tubali tuli a ƙasa, ga magini a sama yana jira, amma gini ya tsaya. Likitocin duniya sun yarda su kira sinadaran nan da lamba. Mai himofiliya, na 8 ne ko na 9 ya gaza a jininsa.

Daga nan za mu gane abin da mutane da yawa ba su gane ba. Jinin mai ciwon nan ba ya fin na kowa gudu, daɗewa ya ke yi yana fita. Ƙaramin ƙarzani ko sukar ƙaya galibi su kan tsaya, tun da aikin farko da na biyu suna nan lafiya. Abin tsoro shi ne rauni mai zurfi, da cire haƙori, da fiɗa, da wanda ya kan tsaya da rana ya sake ɓallewa da dare. Mafi muni kuwa jinin da ba a gani, wanda ya ke tsiyaya cikin gwiwa, da gwiwar hannu, da idon sawu, da cikin tsoka, ko cikin ƙoƙon kai bayan faɗuwa. Gaɓar da jini ya yi ta taruwa cikinta shekara da shekaru ta kan lalace ta sandare, yaro ya gurgunce tun bai yi gemu ba. Ciwon kuma hawa hawa ne. Wanda sinadarinsa bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ya kamata ba, jini ya kan ɓalle masa ko ba dalili. Wanda ya ke da kashi 5 zuwa 40 ya kan girma bai san yana da kome ba, sai ranar da aska ta taɓa shi.

Hanyar gadon da malaman Yahudawa suka hango, yanzu an san dalilinta. Cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai 'yan zarurruka 46 da a ke kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba, a jikinsu aka rubuta umarnin ginin jiki duka. Biyu daga ciki su ke raba namiji da mace. Mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya daga uwarsa da Y ɗaya daga ubansa. Umarnin yin sinadari na 8 da na 9 a kan X ya ke. Mace kamar mai littafi biyu ce iri ɗaya, in gara ta ci wani shafi a ɗaya sai ta duba ɗayan. Namiji kuwa ɗaya tak gare shi. Saboda haka macen da ke ɗauke da abin, kowane ɗa namiji da za ta haifa yana tsakanin samu da rashi, rabi da rabi. Namiji mai ciwon kuma 'ya'yansa maza duk sun kuɓuta, tun da Y ya ba su, amma 'ya'yansa mata duk sun ɗauka. Kada dai a ce matan nan ba abin da ke samunsu. Waɗansunsu su kan sha wahalar yawan jinin al'ada, ko zubar jini bayan haihuwa. Kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na yaran da a ke haifa da ciwon ba a san shi a danginsu ba, kuskuren rubutun sabo ne.

Ciwon ya sami wani laƙabi kuma, shi ma mai ruɗarwa, wai ciwon sarauta. Dalili shi ne Sarauniya Biktoriya ta Ingila tana ɗauke da shi, ko da ya ke ba a san shi ga kakanninta ba. Ɗanta Leopold ya sha fama da shi, ya rasu cikin 1884 yana da shekara 30, bayan ya zame ya faɗi a garin Cannes na Faransa. Ɗansa namiji ya kuɓuta, 'yarsa ta ɗauka ta ba nata ɗan, daidai yadda muka bayyana. 'Ya'yan Sarauniya mata biyu, Alice da Beatrice, ta wajen 'ya'yansu mata abin ya shiga gidan sarautar Rasha da na Sifen. A Rasha ya faɗa kan Alexei, wanda aka haifa cikin 1904, ɗa namiji tilo na Sarki Nikolas na 2. Tsoron da uwarsa ta ke yi masa shi ya buɗe wa Rasputin ƙofar fada, abin da ya ƙara zubar da mutuncin gidan a idon jama'a kafin juyin mulki na 1917. Amma ciwon bai san sarauta ba. Na 'ya'yan sarakuna ne kawai a ke rubutawa. Yana cikin kowace al'umma, baƙi da fari, wajen jariri namiji ɗaya cikin 5,000.

Bayan sunan ya shekara fiye da 100 yana aiki, sai aka tarar mutum biyu ne su ke amsa shi. Cikin 1947 wani likita a Ajantina, Alfredo Pavlovsky, ya gauraya jinin masu himofiliya biyu, sai ya ga abin mamaki, gaurayen ya daskare. Ba yadda za a yi haka ta faru sai in abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. Cikin 1952 masu bincike a Oksfod, cikinsu har da Rosemary Biggs da Robert Macfarlane, suka tabbatar da nau'i na biyu a jinin wani yaro ɗan shekara 5 mai suna Stephen Christmas. Suka sa wa ciwon sunan yaron, labarin kuma ya fito cikin mujallar likitocin Ingila a makon Kirsimeti, har waɗansu suka zaci wasa a ke yi da sunan bikin. Yanzu rashin sinadari na 8 shi a ke kira himofiliya A, rashin na 9 kuwa himofiliya B, wanda ya fi wuyar samu, wajen namiji ɗaya cikin 25,000 zuwa 30,000. Da aka auna ƙasusuwan iyalin Sarkin Rasha, aka buga sakamakon cikin 2009, sai ga shi na gidan Biktoriya B ne. Akwai kuma wani ciwon zubar jini na gado mai kama maza da mata duka, wanda Erik von Willebrand na ƙasar Finlan ya bayyana cikin 1926. Shi da kansa himofiliyar ƙarya ya kira shi, daga baya aka mai da shi ga sunansa.

Filiyar nan ta sake haihuwa. Yunanawa suna da kalma tirombos, ma'anarta guda, suna faɗinta ga gudan jini da gudajin nono, kamar dai yadda mu ke yi. Daga gare ta aka sami tirombosis, watau jini ya daskare cikin jijiya inda ba a bukata, ya toshe hanya, wani lokaci gudan ya ɓalle daga ƙafa ya tafi huhu ya kashe mutum. Wanda jikinsa ya karkata ga wannan sai aka ce yana da tirombofiliya. Nan kam sunan ya zauna daidai. Irinsa na gado da ya fi yawa a Turai an gano shi a birnin Leiden na Holan cikin 1994, yana jikin wajen Bature 5 cikin 100, amma da wuya a same shi ga baƙar fata na Afirka. Abin da ya sa muka kawo shi, in ka ji an ce wane yana da ciwon daskarewar jini, maganar ba ta ƙare ba, sai ka tambaya, yawa ya yi ko gazawa? Maganin ɗayan dafi ne ga ɗayan. Hausawa sun ce suna linzami ne, linzamin kuwa in aka ja shi ta gefen da ba daidai ba, rami a ke faɗawa.

Maganin himofiliya shi ne a mayar wa jini abin da ya rasa. Tun 1840 wani likitan Landan, Samuel Lane, ya ceci wani yaro da jini ya ƙi tsaya masa bayan fiɗar ido, ta wurin ɗura masa jinin wata mace. Wajen 1964 Judith Pool ta jami'ar Stanford a Amurka ta lura in aka daskarar da ruwan jini da sanyi, aka bar shi ya narke sannu sannu, wani ɗan laka ya kan kwanta a ƙasa cike da sinadari na 8. Daga nan aka koyi tace shi a mai da shi gari cikin kwalba, har mai ciwon ya iya yi wa kansa allura a gida. Sai dai alherin ya zo da masifa a bayansa. Jinin dubban mutane a ke haɗawa a tukunya ɗaya, mutum guda mai cuta ya isa ya ɓata duka. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980 ƙanjamau da ciwon hanta suka bi ta wannan hanya. A Birtaniya kaɗai binciken gwamnati da aka kammala cikin 2024 ya ce wajen mutum 1,250 masu ciwon zubar jini suka kamu da ƙwayar ƙanjamau, wajen 380 daga cikinsu yara ne. Stephen Christmas kansa ta haka ya rasu cikin 1993, a Kanada. Tun 1992 a ke samun sinadari na 8 wanda aka sarrafa ba daga jinin mutum ba, cikin 2022 kuma aka amince a Amurka da wani magani mai gyara umarnin gadon kansa ga masu nau'in B. Duk waɗannan suna da tsada ƙwarai, yawancin masu ciwon a duniya kuwa ko auna su ba a taɓa yi ba.

Wannan magana ta ƙarshe ta shafe mu, gama mu ma mutanen kaciya ne, kuma aska tana taɓa yaranmu tun suna cikin zanen goyo. Ga cire beli, ga tsagar gado, ga ƙaho, ga kaciya in yaro ya tasa. Yaron da ya mutu da zubar jini bayan ɗayan waɗannan, a kan ce hannun wanzami ne bai yi kyau ba, ko a ce maita, ko a yi shiru a ce kwana ya ƙare. Sau da yawa wanzamin bai yi kuskuren kome ba. Yaron da gwiwarsa ta ke yawan kumbura kuma a kan kai shi wurin maɗori a yi ta murza, a kan targaɗe ne, murzar kuwa ƙara ɓalle jinin ta ke yi. Wani a ce amosanin jini ne, watau sikila, don shi ma gado ne mai sa ciwon gaɓoɓi, alhali ba abin da ya gama su. Sikila daga uwa da uba duka a ke gadonta, ta kan kama mace da namiji, aibinta kuwa a siffar jajayen ƙwayoyi ya ke.

Yawancinmu in mun gama nan makarantu za a rarraba mu, waɗansu ƙauyukan da malamin makaranta shi a ke fara tambaya kafin a kai ga malamin asibiti. Za mu ga yaron da jikinsa ba ya rabuwa da kwanciyar jini, wanda in ya fāɗi wurin wasa gwiwa ta haye, ko famfarar haƙori ta zame masa jinya ta kwana da kwanaki. Tambayar da za mu yi wa iyayensa ta wajen uwa za ta bi. Yaya aka yi da kaciyar wansa? Kawunansa, watau 'yan'uwan uwarsa maza, akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya masa? 'Ya'yan innoninsa maza fa? In aka sami ko ɗaya, a dakatar da aska, a kai yaron babban asibiti inda a ke auna daskarewar jini, kaciyarsa kuma a bar wa likita ya yi bayan an ba shi sinadarin da ya rasa. Kada a ba shi asfirin, don yana raunana 'yan toshiyar nan da suka rage masa. A kiyaye kuma kada magana ta koma zargin uwa, gama ba ta zaɓa ba, ita ma gada ta yi, ko kuwa a kanta abin ya fara.

Wajen gaya wa iyaye sunan ciwon, mu a ganinmu kada a fara da Yunananci, kada kuma a kuskura a ce son jini. A ce musu rashin tsayawar jini na gado, kowace tsohuwa za ta gane. Amma a rubuta musu himofiliya a 'yar takarda su riƙe, don da wannan suna ne likita zai san abin da zai auna, in an auna kuma a tambaye shi ko A ne ko B, a ƙara harafin a jikin takardar.